Cunkoson motoci a tsakiyar ƙaramin gari

Mai tambaya: Jama'a, garin ƙarami ne, amma kowace safiya babban titin tsakiyarsa yakan cushe har masu tafiya a ƙasa su riga motoci isa. Shin faɗaɗa titin zai magance matsalar?

Wani direba: Malam, ban yi zato ba. Titi mai faɗi yana jawo ƙarin motoci, bayan 'yan shekaru cunkoson ya dawo, alhali an cinye gefen da mutane ke bi. Abin da nake gani kullum shi ne babbar mota guda tana sauke kaya a bakin titi, sai hannu ɗaya ya toshe gaba ɗaya.

Wata malama: Gaskiyarka, ɗan'uwa. A keɓe wa masu sauke kaya lokacin asuba, motocin da wucewa kawai za su yi kuwa a gina musu hanyar kewaye.