Ti-an-ji: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Mai tambaya, daga Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ina neman sunan Hausa na katakon nan da kafintocin Kumasi ke kira ti-an-ji, wanda gefensa ɗaya ke da ɗan tudu siriri, ɗayan kuma an fafe shi, sai wannan ya shige cikin wancan. Ina gina ɗan gidan katako a gonar kokonmu wajen Kubease, kusa da gandun dajin Bobiri (kusa na ce, ba ciki ba, kafin wani ya kai ni ƙara). An yi rufi, an sa ƙofofi, saura silin da bangon ciki, kuma da hannunmu muke yi ni da ƙanena. Guduma, ƙusa, zarto duk da Hausa muke kiransu, sai shi kaɗai.

Ɗalibi, daga Asokore Mampong: Yaya, ai haruffan farko ne na kalmomin Turanci biyu, ɗaya harshe, ɗaya rami. Sai mu ce "harshe da rami" kawai.

Mai tambaya: Ƙanena, je ka kasuwar katako ta Sokoban ka ce a ba ka harshe da rami guda hamsin, ka ga ko ba wajen mahauta za a nuna maka ba.

Wata 'yar kasuwa, daga Alabar: Haɗin baki fa? Tunda baki da baki suke haɗuwa.

Ɗalibi: Hajiya, wannan an riga an ba masu juyin mulki.

Tsohon kafinta, daga Sabon Zongo: Yarana, ku dakata. Kuna neman suna alhali ba ku tambayi aikin abin ba. Tun muna Anloga, tsohuwar unguwar kafintoci a nan Kumasi, kafin aikin hanya ya sa a kwashe mu zuwa Sokoban, mace da namiji muke cewa idan muna koya wa yaro. Amma wannan sunan gefunan ne, kuma masu famfo da masu lantarki ma haka suke kiran kayansu, don haka bai ware komai ba.

Ga dalilin da ya sa ake fafe katakon. Itace ko an sare shi bai daina shan iska ba. Nan Kumasi damina biyu muke yi a shekara, katako ya sha laima ya kumbura. Disamba ta zo da hunturu, ya tsotse. A faɗinsa yake motsi, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Idan ka jera fale-falen katako baki da baki kawai, to Janairu na yi za ka kwanta kana hango kwanon rufi ta tsakaninsu, ƙura da kashin ɓera na zubo maka. Shi kuwa wannan, tudun yana nan cikin fafen, ko ya ja baya kaɗan bai fita ba. Kowane falle yana motsinsa, ba a ga kafa ba.

Shi ya sa duk sunan da ke da "manne" ko "liƙe" a ciki ban yarda da shi ba. Ba a sa masa gam. Wanda ya sa, ya hana shi numfashi, sai ya tsage ta tsakiya.

Mai tambaya: Allah ya ƙara girma, Baba. To ƙusa fa? Na ga silin wasu ba kan ƙusa ko ɗaya.

Tsohon kafinta: A gindin tudun ake buga ta, a karkace, a nutsar da kan. Falle na gaba ya zo ya rufe ta. Kuma kada ka doki gefen da guduma kai tsaye, za ka murƙushe shi. Yanki ɗan guntun da ya rage, ka ɗora, shi za ka doka. Ka bar ɗan fili kamar kaurin ɗan yatsa tsakanin katakon ƙarshe da bango, siririn katakon da za ka zagaya da shi zai ɓoye. Abin da yara ke mantawa: a shafa wa tudun fenti ko banish tun kafin a haɗa. In ba haka ba, ranar da ya tsotse sai fararen layuka su fito reras daga wannan bango zuwa wancan.

Wane itace ka saya?

Mai tambaya: Wawa na silin, odum na bango daga ƙasa zuwa ƙugu. Kuɗin bai kai a yi duka da odum ba.

'Yar kasuwa: Ka sayi wawa da kuɗinka, kana faɗa a bainar jama'a!

Tsohon kafinta: Hajiya, sunansa ke nan da Twi, yaren Asantawa, kuma ba wawan itace ba ne. Fari ne, ba nauyi, ƙusa na shigarsa ba gardama, ya dace da silin. Aibinsa ƙwari na sonsa, sai an sa masa magani, kuma kada ya kusanci laima. Odum shi ne loko da Hausa, gara ba ta cika samun sa'arsa ba, ka yi daidai da ka sa shi ƙasa. Ka dai tabbata na injin yanka ne mai takarda. Tun 1998 doka ta hana sayar da katakon da aka tsaga da injin sarƙa a daji, ga shi yawanci ɗanye yake zuwa. Ko busasshen ma, jera shi cikin ɗakin da 'yan sanduna tsakani, ya kwana biyu ya saba da iskar wurin kafin ka ɗaga guduma.

Malamin makaranta, daga Nima, Akra: Na ji daɗin bayanin Baba. Ni da "wuƙa da kube" na zo, don hoton ya fito sarai. Amma wuƙa ana zare ta, wannan kuwa in ya shiga ya shiga ke nan. Na janye. Abin da Baba ya kwatanta yana da fi'ili a Hausa: sarƙe. Abu ya shiga cikin ɗan'uwansa ya riƙe, ba gam, ba ɗauri. Sai mu ce katakon sarƙe. Tudun a kira shi leɓe, fafen kuma kwarmi, irin na kwarmin ido.

Ɗalibi: Malam, leɓe ba harshen nan ba ne ya dawo ta bayan gida?

Malamin makaranta: A'a. Mu ma muna cewa leɓen tulu, leɓen kwarya. Namu ne tun asali.

'Yar kasuwa: Na roba fa? Yanzu rabin gidajen zango shi ake sawa, shi ma ti-an-ji suke ce masa.

Malamin makaranta: Sarƙen roba da sarƙen katako. Nan ma ya fi "katako mai kaza" sauƙi, tunda sunan bai rataya ga itace ba.

Mai tambaya: Bari in gwada a baki. "Miƙo sarƙe biyu." "Leɓen wannan ya karye." "Share kwarmin, akwai garin katako ciki." "Silin sarƙe na yi." Wallahi ya zauna. Ni dai na karɓa.

Tsohon kafinta: Kwarmi da leɓe na karɓa hannu biyu, gobe ma zan fara da yaran shago. Sarƙe kuwa ina jin tsoron masu gyaran keke za su ce mun taɓa musu sarƙa, amma ba ni da wanda ya fi shi. Sai dai a Sokoban, gaban mai sayarwa Ba'asante ko Ewe, ti-an-jinka za ka ce, in ba so kake ka dawo hannu rabbana ba.

Mai tambaya: Wannan dole ne, Baba. Saura katakon da ake bi gindin bango da shi, wanda suke kira sikatin. Ƙanena ya ce "takalmin bango", ni kuma ban gamsu ba. Wa ke da wani?