Neman kalma: me za mu kira "shell" ɗin da ake zurawa kan wandon hokin ƙanƙara?

Mai tambaya, Winifeg:
Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa 'yar takarda da Hausa saboda iyayen da suka shigo Kanada kwanan nan kuma yaransu suka nace sai sun yi hokin ƙanƙara, wato jerin kayan da za a saya da yadda ake zaɓensu. Hular kwano, safar hannu, takalmin ƙanƙara, sanda, duk waɗannan basu bani wahala ba. Inda na tsaya cak shine daga ƙugu zuwa gwiwa, don abu uku ne a wajen kuma kowanne da sunansa a shago. Na farko wandon hoki da kowa ya sani, mai ƙaton jiki, an ɗinke soso da roba mai tauri a ciki, yana kare cinya da kwankwaso da ƙarshen ƙashin baya har wajen ƙoda. Na biyu girdle, shima soso ne da roba amma yana kama jiki tsam, kuma bashi da yadin waje mai ƙwari. Na uku shine matsalata, shell. Yadin nailon ne zalla mai siffar gajeren wando, ko soso ɗaya babu a cikinsa, ana zura shi kan girdle ko kan wandon hokin kansa don launi ya zo ɗaya da na kulob. Dan Allah me za mu kira shi?

Hajiya, Kalgari:
Wa alaikumus salam. Ai shell ɓawo ne, ka rubuta ɓawon wando kawai a wuce wurin.

Malam mai fassara:
Hajiya a gafarce ni, ɓawo ba zai yi ba. Bahaushe in yaji ɓawo abu biyu ke zuwa masa, abu mai tauri da ke kare na ciki kamar na ƙwai ko na gyaɗa, sannan abin da ake ɓarewa a zubar. Wannan kuwa laushi gare shi kuma baya kare komai, kariyar duk tana ƙarƙashinsa. Kuma abin ba wasa bane, in uba ya karanta ɓawo ko kwasfa ya ɗauka shine mai taurin, ya ga kuma yafi arha nesa ba kusa ba, sai ya sayo shi kaɗai ya tura yaro kan ƙanƙara. Ƙwallon da suke bugawa faifan roba ne daskararre mai nauyin kusan giram 170, ga faɗuwa da gindi da duk mai koyo sai yayi. Duk kalmar da zamu ɗauka kar ta yi wa iyaye alƙawarin kariya.

Ɗan Damagaram, Montiriyal:
Gaskiyar Malam. Nan Kebek da Faransanci basu bi hoton ɓawon ba sam. Wandon suna ce masa culotte, girdle kuma gaine, shi wannan sai suka ce couvre-culotte, ma'ana abin rufe wando. Aikinsa suka duba. Mu ma inaga haka ya kamata mu yi, mu bar kalmar Turancin a gefe mu kalli abin da idonmu.

Ƙaninku a Toronto:
To kube fa? Kuben wando. Ana zura abu a ciki kamar takobi.

Malam mai fassara:
Kube yana da daɗin ji amma ka gwada shi a kan 'yar shekara tara da aka haifa a Brampton, nan Kanada, ka gani. Su iyayen ma wasu sai sun yi tunani. Kuma kube abin ajiya ne, takobi na aiki ne bayan an zare shi, wannan kuwa da shi ake shiga fili.

Hajiya, Kalgari:
Toh na janye ɓawo. Amma ai muna da hanyar da muke bi a gida, rigar filo, rigar kujera, rigar katifa, har rigar waya. Duk yadin da aka ɗinka daidai jikin wani abu don a rufe shi riga muke cewa. Kenan rigar wando. Ni dai banga abin da yafi wannan zama Hausa ba.

Mai tambaya, Winifeg:
Hajiya wlh ta burge ni, ta bi ƙa'ida sarai. Tsorona ɗaya, kunne ya saba da "riga da wando". In kika ce wa yaro ɗauko rigar wandonka, ko kika tura Alhaji shago da wannan sunan, rigar kulob zai kawo miki, ita wannan mai lamba a baya.

Baban 'yan biyu, Edmonton:
Bari in shigo ta ɓangaren saye tunda takardar ta masu saye ce, watakila ya taimaka wajen sunan. Shell ba iri ɗaya bane. Akwai wanda aka yanka don girdle, ya ɗan fi tsukewa, akwai kuma wanda aka yanka da faɗi don ya hau kan cikakken wandon hoki, kuma in ka ɗauki na girdle kace zaka cusa wando a ciki to ko dai ya ƙi wuce kwankwaso ko ya shiga ya ɗaure cinya yaro ya kasa buɗe ƙafa, alhali gudun ƙanƙara duk a buɗe ƙafa yake da durƙusawa. Shawarar da nake ba kowa ita ce ka tafi shago da wandon ko girdle ɗin a hannu, yaro ya saka duka tare harda abin kare ƙwauri, ya tsuguna ya miƙe a gabanka. Kar ka dogara da harafin saiz kawai, M na kamfanin Bauer ba lallai ya zo ɗaya da M na CCM ko Warrior ba, kuma akwai rukunin yara ƙanana, na matasa da na manya, kowanne da nasa M ɗin. Tsayi kuma ya sauko ya rufe soson cinya gaba ɗaya har ya taɓa saman abin kare gwiwa, in ya gaza soso zai leƙo, in ya wuce zai riƙa kama gwiwa. Sai bel ɗin ƙugu, a duba yana riƙewa, don wasu shell ɗin zamewa suke yi ƙasa ana cikin wasa. Wasu suna da zif a cikin cinya, yana sauƙaƙa sawa kuma yana ƙara faɗi. Yadin ma a taɓa, mai kauri yafi jure sanda da kaifin takalmi, marar nauyi yafi saurin bushewa amma yafi saurin yagewa. Kafin duk wannan ma a tambayi kulob, da yawa su ke bada shell ɗinsu mai launi da tambari, ko su faɗa maka launin da zaka saya. Amfaninsa kenan ga aljihu, yaro ya canza kulob daga baƙi zuwa ja ba sai ka sake sayen wando mai tsada ba. Mai tsaron gida kuwa wandonsa daban ne, yafi girma, kar a haɗa.

Malam mai fassara:
Madalla. Wannan bayanin ya nuna dole sai mun fara ba girdle suna, in ba haka ba jimlar ba zata miƙe ba. Ni lifidi na kawo. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya ga 'yan lifidi, yadi ne da aka cusa wa auduga aka ɗinke don ya tare sara da kibiya. Aiki ɗaya ne, auduga ce kawai ta koma soso. Lifidin ƙugu.

Bazazzagi, Otawa:
Lifidi ya zauna daram, ban da ja. Ɗamara na so kawowa amma ɗamara bata sauka cinya. Af, tunda ana maganar hoki da Hausa, a saka a takardar cewa Rumun Ndur, wanda ya buga wa Buffalo Sabres da New York Rangers da Atlanta Thrashers, a Zariya aka haife shi a 1975, shine haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. Yara su san ba yau muka fara ba.

Ƙaninku a Toronto:
Kai Yaya, kowace hira sai ka jawo Zariya. Ni ga tawa ta biyu, fankon wando. Ai fanko ne, ba komai a ciki.

Hajiya, Kalgari:
Hhhh Allah ya shirye ka. Wa zai je ya biya dala ya sayi fanko? Amma gsky ma'anar ta fito.

Ɗan Damagaram, Montiriyal:
Me zai hana wandon sama? Muna da wandon ciki, kowa ya sani, kishiyarsa kenan. Wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba ma yana ji zai gane akwai wani abu a ƙasansa, kuma shine abin da Malam ke nema.

Baban 'yan biyu, Edmonton:
Na goyi baya. Ya kuma ɗauki iri biyun nan cikin sauƙi, wandon sama matsattse na kan lifidi, wandon sama mai faɗi na kan wandon hoki.

Ƙaninku a Toronto:
Ba sai an ce gajeren wandon sama ba?

Malam mai fassara:
Ba buƙata, dogon ya riga ya mutu. An taɓa yinsa, har idon sawu, kan girdle ake sawa, mutane na ce masa Cooperalls daga sunan kamfanin Cooper na Kanada. Philadelphia Flyers sun saka irinsa daga 1981 zuwa 1983, Hartford Whalers ma sun saka kaka ɗaya, sai NHL ta hana saboda yadin santsi gare shi, in ɗan wasa ya faɗi sai ya zarce da gudu ya daki katangar fili. Yau in an ce shell gajere ake nufi. Wandon sama ya wadatar.

Hajiya, Kalgari:
Ni fa har yanzu rigar wando tafi min daɗi a baki, kuma a gidana ita zan ci gaba da faɗa. Amma don takarda na yarda.

Mai tambaya, Winifeg:
Nagode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Ga yadda zan rubuta: wandon hoki, lifidin ƙugu, wandon sama. A ƙarƙashin wandon sama zan ƙara layi da manyan baƙaƙe cewa bashi da soso, ba a sa shi shi kaɗai. Zan kuma bar sunan Turancin da na Faransancin a gefe don nunawa mai shago. Saura abin da ake sawa a wuya da wanda ake cusawa a baki don haƙora, zan buɗe musu zare daban.