Me ya kamata ɗalibin ƙaramar sakandare ya iya a tarihin duniya da na ƙasarsa?

Malamar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ina koyar da tarihi ga yara 'yan shekara 11 zuwa 14, kuma a bana an sa ni cikin kwamitin da zai sake rubuta manufofin wannan darasi na tsawon shekaru uku. Takardar da muka gada jerin kanun batutuwa ce kawai, tun daga zamanin da ɗan Adam ya fara noma har zuwa rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, sannan a gefe guda ga tarihin ƙasa da nasa dogon jerin, kuma kowane layi an buɗe shi da cewa “ɗalibi zai fahimci”. Na zauna na yi lissafi: darasi biyu a mako, minti 40 kowanne, makonni 36 a shekara, ya kama darasi 216 ke nan, wato awa 144 a dukan shekarun uku. Ba na jin akwai malamin da zai iya ratsa wannan jeri a cikin wannan lokaci ba tare da ya koma shifta wa yara bayanai suna kwafa ba.

Shawarar da nake nema ita ce, wane abu ne ya zama dole yaro ya fita da shi a ƙarshen aji uku, kuma ta yaya za mu raba lokaci tsakanin tarihin duniya da na ƙasa ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Lissafin da kika yi shi ne ya kamata ya hau shafin farko na rahoton kwamitinku, domin duk wanda ya ga awa 144 a rubuce zai daina ƙara batutuwa. Abin da zan fara ba ki shawara a kai shi ne kalmar nan “fahimta”. Ba a iya ganinta, ba a iya gwada ta, kuma malamai biyu za su ba ta ma'ana biyu. Ki rubuta kowace manufa da aikin da yaro zai yi a gabanki: ya jera, ya nuna a taswira, ya kwatanta, ya kawo dalili, ya kare amsarsa da hujja.

Aiki na farko da na fi damuwa da shi shi ne sanin lokaci, domin a nan ne na ga yara sun fi tuntuɓe a shekarun da na yi ina koyarwa. Yaro zai iya gaya miki cewa an yi taron Berlin a 1884 zuwa 1885, amma idan kika tambaye shi ƙarni na nawa ne sai ya ce na 18, saboda lambobin farko da ya gani ke nan. Wani kuma ba ya gane cewa shekarun da suka gabaci miladiyya baya-baya ake ƙirga su, sai ya ɗauka shekara ta 500 ta riga shekara ta 3000. Haka kuma ya kamata ya san cewa kalanda ba ɗaya ba ce a duniya, cewa ta Hijira ta fara ne daga shekarar 622, kuma shekararta ta gaza ta miladiyya da kimanin kwana 11. Idan ba a gyara wannan a zangon farko na aji ɗaya ba, duk abin da aka ɗora daga baya zai riƙa yawo a kan yaron ba tare da mazauni ba.

Abin da ya fi wannan wuya, kuma ya fi daɗin koyarwa, shi ne yaro ya san me yake faruwa a wurare dabam-dabam a lokaci guda. Ki ɗauki ƙarni na 14 a matsayin misali. Mansa Musa na Mali ya tafi aikin hajji a 1324, ya ratsa Alƙahira da zinarinsa. Shekara guda bayan haka Ibn Battuta ya bar garinsu Tanja, a 1348 ya tarar da babbar annoba tana kashe mutane a Dimashƙa, annobar da ta shafe wani babban kaso na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351, kuma ita ce ta ci iyayen masanin tarihi Ibn Khaldun a Tunis. Matafiyi Ibn Battuta dai shi ne ya ziyarci Mali a 1352. A yawancin littattafan makaranta waɗannan abubuwa suna babi uku ko huɗu, yaro kuma ya karance su kamar a duniyoyi dabam suka faru, alhali hanyoyin fatauci ɗaya ne suka ɗauki zinari da littattafai da cuta. Manufar da zan rubuta ita ce, idan aka ba ɗalibi ƙarni guda, ya iya faɗin abin da ke gudana a nahiyoyi uku, kuma ya nuna aƙalla hanya ɗaya da ta haɗa su.

Sai batun dalili. Yaro ɗan shekara 11 yakan ba kowane lamari dalili ɗaya tak, galibi mutum guda. Idan kika tambaye shi me ya jawo Yaƙin Duniya na Ɗaya, zai ce an harbe yariman Ostiriya a Sarajevo ranar 28 ga Yuni 1914, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da nake so ya iya kafin ya kai 14 shi ne ya bambanta ashana da busasshiyar ciyawa, ya ce ƙawancen soja da tseren makamai da gasar mallakar ƙasashe sun riga sun shanya ciyawar shekaru da dama kafin a ƙyasta ashanar. Daga nan sai ya gaya miki wane dalili ya fi nauyi a ganinsa, da abin da ya sa.

Game da rabon lokaci kuwa, ni ban yarda a ware shekara guda ga duniya, wata shekarar ga ƙasa ba. Yaron da aka koya wa samun 'yancin kan ƙasarsa shi kaɗai zai ɗauka cewa jarumtar shugabanninsa ce kurum ta kori masu mulkin mallaka. Sai ya ga Indiya a 1947, da Ghana a 1957, da ƙasashen Afirka 17 a shekarar 1960 kaɗai, sannan zai tambayi kansa me ya sami Birtaniya da Faransa bayan 1945. Wannan bai rage darajar masu fafutukar ƙasarsa ba, ya dai nuna masa fagen da suka yi kokawar. Ki ɗauki zamani ɗaya, ki fara da duniya, ki gangaro ƙasa, sannan ki wuce zamani na gaba.

Uban Ɗalibai Biyu ya amsa:

Ina neman afuwar malamai, ni uba ne, ba malami ba, amma ina da damuwa a kan abin da Baba ya rubuta. Ina tsoron a shagala da koya wa yara muhawara alhali ba su san komai da za su yi muhawarar a kansa ba. Na taɓa tambayar babban ɗana shekarar da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, bai sani ba, amma yana da ra'ayi mai tsawo a kan amfaninta. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ina roƙon kwamiti ya rubuta ƙarara cewa akwai shekaru da sunaye da wurare da dole ne kowane yaro ya haddace. Haka kuma ina so tarihin ƙasa ya sa yaro ya ƙaunaci ƙasarsa, domin idan tun yana ƙarami aka cika masa kunne da laifuffukan magabatansa, ban san da me zai riƙe ta ba idan ya girma.

Mai Nazarin Manhaja ya amsa:

Malam, damuwarka tana kan hanya, kuma wasu ƙasashe sun yi wannan taƙaddama a bainar jama'a, saboda haka yana da kyau Malama ta san yadda ta kaya. A Amurka, wata cibiya da ke Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ta fitar da ma'aunan koyar da tarihi na ƙasa baki ɗaya a 1994. An soke su da cewa sun fifita kurakuran ƙasar a kan nasarorinta, har Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'ar yin tir da su a watan Janairu na 1995, da ƙuri'a 99 a kan 1, sai da aka sake fitar da gyararren bugu a 1996. Abin lura shi ne rigimar ta fi zafi a kan misalai da sunayen da aka zaɓa, yayin da sashen dabarun tunani ya ci gaba da amfani ga malamai. Dabarun guda biyar ne, sun fara da tsara lokaci, sai karanta bayanin tarihi da gane shi, sai nazari da fassara, sai bincike, sai auna matsala da shawarar da mutanen zamanin suka yanke. An kuma raba tarihin duniya zuwa zamuna tara, na Amurka zuwa goma.

Ingila ta bi wata hanya a manhajar da aka fara aiki da ita a 2014. Ga yara 'yan shekara 11 zuwa 14 an yanka tarihin Birtaniya gida huɗu, daga 1066 zuwa 1509, zuwa 1745, zuwa 1901, zuwa yau, aka wajabta koyar da kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, aka ƙara nazarin tarihin yankin da makarantar take, da aƙalla nazari guda a kan wata al'umma ko wani lamari na tarihin duniya. A ganina wannan tsari ya ba yaro ƙashin baya mai ƙarfi na lokaci, amma ya ba sauran duniya ɗan ƙaramin gurbi, kuma ba zan so Malama ta kwaikwayi wannan ɓangare ba.

A kan hadda ina tare da kai, Malam, da sharaɗin a taƙaita. Shekaru talatin ko arba'in da aka zaɓa da kyau, ana maimaita su a dukan shekarun uku, sun fi ɗari biyu da ake haddacewa daren jarrabawa. A kan kishin ƙasa kuwa na ɗan saɓa maka. Makarantun Jamus suna koyar da zamanin Hitler, na Afirka ta Kudu suna koyar da mulkin wariyar launin fata wanda zaɓen 1994 ya kawo ƙarshensa, domin yaron da aka ɓoye wa irin wannan zai ji shi wata rana a intanet daga bakin wanda ba ya nufin alheri, kuma daga ranar zai daina gaskata malaminsa. Kariyar da za mu iya ba shi ita ce ya iya yi wa kowane bayani tambayoyi: wa ya faɗa, yaushe, yana wurin ko ji ya yi, kuma me yake so a gaskata. Ibn Khaldun ya yi wannan gargaɗi tun 1377, inda ya soki marubuta tarihi da ke karɓar adadin rundunonin yaƙi ba tare da sun auna ko ƙasar za ta iya ɗaukar wannan yawa ba. Yaro ɗan shekara 13 yana iya yin irin wannan awo idan aka ba shi gajerun bayanai biyu a kan lamari ɗaya, misali yaƙin Adwa na 1896 a bakin Habashawa da a bakin Italiyawa. Labarin da aka gada baki da baki ma haka za a yi masa, a saurare shi da mutunci, a kuma gwada shi da sauran shaidu.

Malamar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba da malamai. Na gwada sake rubuta manufa ɗaya ta aji uku bisa shawararku, ina so ku duba mini ita: “Ɗalibi zai rubuta shafi guda yana bayyana dalilai biyu na cikin gida da dalili ɗaya na waje da suka kawo wani babban sauyi a ƙasarsa a ƙarni na 20, yana kafa hujja da bayanai biyu da aka ba shi.” Damuwata ita ce ajina yana da yara da yawa waɗanda rubutu yake yi wa wuya, kuma ina tsoron in koma gwada iya rubutunsu maimakon iya tarihinsu.

Tsohon Malami ya ƙara da cewa:

Manufar ta yi, Malama, kuma tsoronki gaskiya ne. Ki cire “zai rubuta shafi guda”, ki sa “zai bayyana a rubuce ko da baki”, sannan ki gina matakala zuwa gare ta. A aji ɗaya ki ba su katunan abubuwan da suka faru su jera a kan igiyar da kika ɗaura a bangon aji, tazarar taku ɗaya tana wakiltar ƙarni ɗaya, domin su gani da idonsu nisan da ke tsakanin fara rubutu a ƙasar Iraƙi ta yau, wajen shekara 3200 kafin miladiyya, da injin ɗab'in Gutenberg na wajen 1450. A aji biyu ki ba su dalilai a rubuce su zaɓi mafi nauyi su kare zaɓinsu da baki. Shafin nan guda sai a zangon ƙarshe na aji uku, kuma bayanan biyu kada kowanne ya wuce layi goma, ki kuma karanta musu su da babbar murya kafin su fara.