Musayar Baituka a Kan N'Golo Kante

Dattijon Zaure:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan makon N'Golo Kante, ɗan ƙwallon ƙafar Faransa, na ɗauko mana. Kowa ya zo da amsa-amon da ya yi masa, sharaɗi ɗaya ne: abin da bai faru ba kada ya shiga baiti. Ga buɗi.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
In waƙe gwani mai riƙon tsakiya.

A 1991 aka haife shi a Paris,
Iyaye daga Mali, sun yi doguwar tafiya.

Yana sha ɗaya uba ya kwanta dama,
Ƙaramin yaro ya zamo maraya.

A Suresnes ya fara taka leda,
Kulob na unguwa, ba suna ba dukiya.

Manyan makarantun ƙwallo sun duba shi,
Suka ga ƙanƙanta, suka juya baya.

Shekara goma yana ƙasan tsani,
Tsara sun haye, shi yana ta juriya.

Sai a 2010 Boulogne ta ɗauke shi,
Can ma aka fara sa shi a 'yan ajiya.

Yana atisaye yana karatun akanta,
Ko ƙwallo ta ƙi, kada a sha wuya.

Caen ta kira shi a 2013,
Suka hau rukunin farko da shi a tsakiya.

Na tsaya nan. Wa zai karɓa?

Ƙanwar Mawaƙa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni zan karɓa, don kakar Leicester har yau in na tuna ta sai tsigar jikina ta tashi.

Baba ka kawo shi bakin teku,
Bari in haye da shi a gabanku,
Leicester ce ta ce ku ba mu naku,
A 2015 ya yi sallama da Faransa.

Fam miliyan 5.6, ba ɗori a kai,
Manyan kulob ko ɗaga kai ba su yi ba dai,
Ranieri ya jefa shi fili, sai ga mai rai,
Aka ga abin da ba a saba gani ba a gasa.

Ƙungiyar da bara ta kusa nutsewa,
Bana ita ce a sama tana hayewa,
Vardy da Mahrez suna ta zurawa,
Wa ke ƙwato musu ita tun daga ƙasa?

Sau 175 ya sa ƙafa ya ƙwace,
Sau 157 ya tare ta kafin ta wuce,
Duk Firimiya ba na biyunsa, an tantance,
Maki 81, kofi ya sauka a hannunsa.

Kaka na ƙarewa ya nufi Landan,
Chelsea ta zuba miliyan 32 nan da nan,
Kofin da ya ɗaga can ya sake ɗagawa nan,
Riga ta sauya, shi bai sauya halinsa.

Kuma a 2017 ɗin nan 'yan wasa 'yan'uwansa ne da kansu suka zaɓe shi gwarzon shekara a Ingila, wato mutanen da ya hana sakat a fili.

Ɗan Autan Zaure:

Yaya, baitinki ya shiga raina,
Sai dai da tambaya a bakina.

Ɗan tsakiya shi ne mai rabon ƙwallo,
Irin Xavi da Pirlo, su ne gwanayena.

Fasin guda ya tsaga 'yan baya,
Kafin gola ya farga ta kwanta a kwana.

Kante shekara 7 ya yi a Chelsea,
Ƙwallo 13 kacal a lissafina.

A Leicester guda ɗaya tak ya zura,
To ina gwanintar? Ku nuna mini, ina?

Gudu da ƙwace aikin ƙarfi ne,
Huhu Allah ya ba shi, wannan ne ganina.

A 2018 Modric aka ba Ballon d'Or,
Ga shi Faransar Kante ta doke ƙasarsa Kuroshiya a Kofin Duniya, shi ne shaidana.

Tsohon Lamba Shida:

Ƙanena, na buga wannan gurbin shekaru a ƙananan kulob har gwiwa ta ajiye ni. Na san zafin a ce ka yi minti 90 kana toshe ɓaraka, a tashi ba wanda ya san ka shiga fili. Saurara.

Ƙanena matso ka ba ni kunne,
Masu gudu a fili ai dubu ne,
Wanda ya san inda za shi ɗaya ne,
Gudun Kante duk lissafi ne,
Huhu bai taɓa koya wa kowa wannan ba.

Ka bar kallon ƙwallo, ka kalli wuyansa,
Yana waiwaye hagunsa da damansa,
Yana karanta ƙugun abokin karawarsa,
Mai fasin na shirin ɗaga ƙafarsa,
Shi ya tashi, bai jira ta bar ƙafar ba.

Ba ya tarar ka gaba da gaba,
Ta gefen da ba ka gani yake raɓa,
Ka tura ta taku ɗaya, kuskure babba,
Ɗan yatsan ƙafa ya sa ya taɓa,
Ka waiga, ba ka gan ta ba, ba ka gan shi ba.

Kuma in ya ƙwace ba ya tsayawa,
A nan take yake juyawa,
Ya ja ta tsakiyarsu yana kutsawa,
Kafin 'yan bayansu su gama komawa,
Ya miƙa, an ci, ba a rubuta sunansa ba.

Modric ɗin da ka kawo ai sun gamu,
A 2021, wasan kusa da ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, a idonmu,
Kroos da Casemiro, abokansa a Real Madrid, na nan, tambaye mu,
Gida da waje gwarzon wasa shi ne namu,
Su uku suka taru, ba su iya da shi ba.

A Landan biyu aka zura musu,
Ta farko shi ya ɓalle ta tsakaninsu,
Ta biyu shi ya ƙwace a gaban ɗan bayansu,
Werner da Mount aka rubuta sunansu,
Allon filin bai ambaci Kante ba.

Sai wasan ƙarshe a Porto da dare,
Guardiola ya zo da City a tsare,
De Bruyne ya ja, Kante ya zame ya share,
Havertz ya ci ɗaya, a haka aka ƙare,
Kyautar gwarzo ba ta je wa mai cin ƙwallon ba.

Ɗan Autan Zaure:

Yaya, Porto na karɓa, ba ni da ja,
Amma Mosko fa, ƙarshen Kofin Duniya?

Kati ya samu tun kafin hutun rabi,
Minti 55 aka fitar da shi, ba ƙarya.

Nzonzi ya shigo, aka tashi 4 da 2,
An ci kofin yana benci, ina kuka baro gaskiya?

Hajiyar Zaure:

Ɗana, tambayarka tana kan hanya, ba zan ce ya yi wasa mai kyau ranar ba. Amma ba a auna hatsin shekara da dami ɗaya.

Ɗana, ranar Mosko ba tasa ba ce,
Da ciwon ciki ya shiga, haka aka ce,
Wasa shida kafin nan fa, ka mance?
Ko minti ɗaya ba a cire shi ba a cikinsu duka.

A Kazan aka haɗa shi da Messin Ajantina,
Ya bi shi kamar inuwa da tsakar rana,
Aka tashi 4 da 3, ina gani da idona,
Messi bai ga raga ba, wannan ba shakka.

Ni abin da ya zauna mini a rai daban ne,
Ana ruwan sama, kofi na yawo, biki ne,
Kowa na karɓa, shi yana gefe, mai kunya ne,
Sai da Nzonzi ya ce a ba shi ya ɗauka.

Ya riƙe shi da ɗan murmushin nan nasa,
Kamar mai riƙon amanar maƙwabcinsa,
A Ingila ƙaramar Mini ita ce dai motarsa,
Albashi ya ninka, ya ci gaba da hawanta haka.

Dattijon Zaure:

Madalla da ku. Saura ɓangaren da masoya ba sa son a taɓo, ni zan ɗauke shi da amsa-amona na farko.

Wanda ya yi aikin mutum biyu shekara da shekaru,
Dole wata rana jiki ya nuna gajiya.

A Baku, 2019, ƙarshen Kofin Europa, da ciwon gwiwa ya shiga,
Aka ci Arsenal 4 da 1 yana ta dauriya.

Agustan 2022 abin ya tsananta,
Tsoka ta yage masa a bayan cinya.

Aka yi masa aiki, wata bakwai ba fili,
Ana Kofin Duniya a Katar yana jinya.

Faransa ta kai ƙarshe ta faɗi a fenariti,
Ina kallon tsakiyarsu ina tuna shi a zuciya.

A 2023 ya bar Landan ya nufi Jidda,
Al-Ittihad ta karɓe shi a Saudiyya.

Jama'a suka ce shi ke nan, ya tafi hutu,
Shekara biyu ba ya tawagar Faransa, kocinta Deschamps ya waiwaya.

Gasar Turai ta 2024, yana da shekara 33,
Gwarzon wasa kan Holan, haka kan Ostiriya.

Ya koma Jidda suka ɗau lig a 2025,
Lig na uku ke nan da shi a tsakiya.

Ɗan Autan Zaure:

Baba, Hajiya, Yayyena, jiya da dare na nemo wasan Madrid na Landan na sake kallo tun daga farko, yadda Yaya ya ce.

Na saki ƙwallo na bi shi shi kaɗai,
Wuyan nan bai huta ba, na gani da idona.

Na fara ƙirga waiwayen da yake yi,
Kafin hutun rabi lissafi ya ɓace a kaina.

Pirlo na nan inda na ajiye shi,
Ba zan sauke shi ba, shi ne na farkona.

Amma minti 85, kowa ƙafa ta yi nauyi,
Nacho, ɗan bayan Madrid, na shirin taɓa ta, sai ga mutumina.

Ya riga shi, ya ja, ya ba Pulisic,
Mount ya zura, na miƙe tsaye a ɗakina.

Na mayar da hoton baya har sau uku,
Ina neman inda ya taso, ya fito ta ina?