Adon bango da yadin rini, a taimaka da shawara

Amarya: Salam 'yan uwa, don Allah ina son in haɗa ƙyallayen rini in yi abin ratayewa a bangon falo, irin mai ciko ɗin nan da ake bi da ɗinki yana ɗan tasowa. Ina zan samu yadi mai kyau, kuma me ake sawa a ciki?

Maman Biyu: Wslm amarya. In kina Kano ki sayi farin yadi na auduga zalla a Kantin Kwari ki kai marinar Ƙofar Mata, kar ki yarda a haɗa ki da mai roba, baba ba ya kama shi. Ki raba shi uku ki ce ɗaya a tsoma kaɗan, ɗaya a ƙara, ɗaya ya yi duhu sosai, karofi ɗaya ne amma kala uku za ki kwaso don yawan tsomawa da shan iska ne ke sa shuɗin ya turu.

'Yar Damagaram: Ki jiƙa shi da gishiri tukuna, an ce yana hana zuba.

Anti Tela: Ƙanwata gishiri ba ya yi wa baba komai fa, ɗauraya ce kawai. Ruwan sanyi, ki yi ta canzawa har ya fito fes, kowace kala a bokitinta, ki shanya a inuwa ki goge sannan ki ɗau almakashi, ai auduga tana shiga in ta sha ruwa, in kika ɗinka kafin wanki sai kusurwoyin su ƙi haɗuwa. Kuma kar ki kai bugu, ƙyallin nan wanki ɗaya ya tafi.

Amarya: To ciko fa Anti? Ina da ragowar soson katifa.

Anti Tela: A'a wallahi, keke ma ba zai ja shi ba. Tsohon bargo mara kauri ya isa. Ki shimfiɗa farin yadi a ƙasa, bargo a tsakiya, ƙyallayen a sama, ki kama da fil, ki fara ɗinki daga tsakiya kina fita gefe don kar ya tattare.

Maman Biyu: Farin bayan nan dole ne, in ba haka ba fentinki zai sha shuɗi. Ki ɗinka masa doguwar aljihu ta baya daga sama ki zura sandar labule.

Amarya: Allah ya saka da alheri. Anti zare fari ko shuɗi?

Anti Tela: In hannunki ya faɗa sa fari ya fito, in koyo kike shuɗi zai rufa miki asiri.