Musayar waƙa: mu leƙa tukunyar maƙwabta

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum jama'a, yau na tari keke daga Samaru zuwa PZ mai keken ya faɗi kuɗi sai da na tambaye shi ko Kaduna zai kai ni, shi ne na ce bari in buɗe mana fage. Amsa-amo "ya", kowa ya ɗauko ƙasa mu auna da tamu, wanda ya karya amo shi zai sayi shayi a Kwangila.

Ran 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafi,
Har gobe ba mu manta ba a Zariya.
Litar da ba ta kai naira 200 ba,
Kafin sati ta taka 500 babu kunya.
Dala tana 460 aka kwance mata igiya,
Ta wuce 1,500, naira na ta ja da baya.
Ku ba ni amsa, mu da ke haƙo mai,
Yaya ƙishirwa ke kashe mai rijiya?

Hajiyar Tudun Wada:
Malam ka tsokano ni, ni da na dawo umara kwanan nan

Riyal tun 1986 yake ɗaure da dala,
Uku da ɗigo 75, bai gusa ba ko ɗaya.
Kar ka ɗauka can komai sadaka ne,
Harajin kaya kashi 15 suke biya.
Namu 7.5 ne amma muna ta kuka,
Don su suna ganin titi da wuta da lafiya.
In biya haraji in koma sayen ruwan ɗan ga-ruwa,
Jarka shida kullum, ai wannan ita ce tsiya.

Ɗan Samaru:
Hajiya ki yi adalci mana, lissafin ba ɗaya ba ne

A 2024 gangar mansu miliyan 9 a rana, tamu ɗaya da rabi,
Mu kuma baki miliyan 200 a kan ƙwarya.
Sannan can sarki ba a zaɓensa da ƙuri'a,
Nan ko banza kin zagi gwamna kin kwana lafiya.

Bamaraɗen Sabon Gari:
To ku saurara ku ji ta wajenmu, ni kam abin a jikina ya ƙare

Ran 26 ga Yulin 2023 soja suka karɓe Nijar,
Tchiani ya hau, Bazoum na tsare shi da uwar ɗiya.
CEDEAO, wato ECOWAS, ta rufe iyaka, kuka yanke muna wuta,
Albasata ta ruɓe cikin mota kusa da Jibiya.
A Disamba sojan Faransa suka kwashe kayansu,
Amma saifar nan dai da ita muke saye da biya.
Jikka guda ta saifa ta haura naira 2,000,
Ƙanena da na bari a gida yanzu shi ke mini dariya.

Malam Na Kongo:
Allah ya mayar da alheri Bamaraɗe. Ni Norway nake son ku duba, da kuma wata da ba ku zata ba.

Mu muka riga su, 1956 a Oloibiri,
Su sai 1969 suka ga mai, suna can baya.
Suka buɗe asusu don jikoki,
A 1996 suka zuba kuɗin farko na ajiya.
Kafin 2017 ta fita,
Asusun ya haura dala tiriliyan ɗaya.
Ku bar ta Turawa, ku dubi Bangaladesh,
Auduga ma daga waje take saya.
Amma in ka cire Sin a fitar da tufafi,
Ita ke biye a kasuwar duniya.
Mu ga cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru na fitar da irin auduga,
Masaƙun Kakuri sun zama gidan mujiya.
Babana a can ya yi aiki har furfura,
Yau ni ɗansa atamfar Sin nake sai wa amarya.

Ɗalibar Kongo:
Kai Malam baitin ƙarshen nan ya taɓa ni wallahi. Bari in ɗan saka nawa kar ku yi mini dariya sabuwa ce ni

Ruwanda ta hana leda tun 2008,
Asabar ɗin ƙarshen wata kowa na riƙe da tsintsiya.
Kagame dai ya ci kashi 99 a 2024,
Wannan zaɓen ni ban iya kiransa gaskiya.
Amma ku zo Sabon Gari in an yi ruwan Agusta,
Ledar fiya wata ce ta toshe ko wace kwata.

Hajiyar Tudun Wada:
Hhhh ƴar nan "kwata" kuma? ina "ya" ɗin ta tafi

Ɗan Samaru:
Shayi ya hau kanki ƙanwata, Kwangila bayan isha'i, ni da ƙwai biyu nake sha, Bamaraɗe kuma a ƙara masa biredi saboda albasa.