Waɗanda suka taɓa kwana a kurmi don kallon tsuntsaye, ku ba mu labari

Cilakowa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna shirin shiga kurmi mu hau tsauni, mu kafa tanti mu kwana, duk don kallon tsuntsaye. Ni a fili na saba kallo, inda tsuntsu kan sauka a reshe ka ƙare masa kallo. Wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya ya taimaka mana da abin da ya gani.

Baba Mai Sanda: Wa alaikumus salam. Yaro, ka fara cire ran cewa za ka ga tsuntsu yadda ka saba. A kurmin Bwindi na Uganda, kunne ne ya yi mana aiki. Kuka ta ko'ina, ka ɗaga kai sai ganye, har wuya ya ƙage. Ɗan jagoranmu kuwa yana jin sauti zai faɗi sunan mai shi, ya ce a tsaya. Wani lokaci daji ya yi tsit kamar an share shi, can sai ayarin tsuntsaye iri daban-daban su ratso tare suna farautar ƙwari, cikin 'yan mintuna ka ga abin da ba ka gani ba tun safe, su wuce. In ka ci karo da jerin gwanon ƙwarƙwasa, ja gefe ka jira, akwai tsuntsayen da ke bin su don cafke ƙwarin da suka tayar. Amma kada ka kafa tanti kusa da hanyarsu, ba za ka runtsa ba.

Uwar Biyu: Ni matsattsaku ne suka gallabe ni a tsibirin Borneo. Ba a jin cizonsu, sai dai ka ga jini a safa. Akwai doguwar safa ta yadi da ake ɗaurewa a gwiwa, ku nema. Sannan sanyi: Dutsen Kinabalu da ke can ya kai mita 4,095, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6. A gindi gumi, a sama rawar ɗari. Ku ware kaya busassu a leda don barci kaɗai, domin abin da ya jiƙe a can ba ya bushewa.

Ɗan Tsauni: Gaskiya Hajiya ta faɗa. Ƙari a kai: kada a kwana a bakin rafi ko da ba hadari, ruwan da aka yi a sama yana iya cika shi cikin dare. A kuma duba bisa, ko akwai mataccen reshe.

Baba Mai Sanda: Ɗan Tsauni, ku masu son kai wa ƙololuwa ku ne ke kore mana tsuntsaye da sauri. Hawan dutse daban, kallo daban. Ba a gudu ana susar takashi.

Ɗan Tsauni: Allah ya huci zuciyarka Baba, amma wasu sai an hau ake samunsu. A Monteverde ta ƙasar Kosta Rika na ga tsuntsun quetzal, kore mai jan ƙirji da dogon gashin bindi, kuma a dajin hazo na tuddai yake zama. Mun zauna gindin bishiyar da yake cin 'ya'yanta tun asuba har ya zo.

Baba Mai Sanda: To ai ka ce kun zauna.

Uwar Biyu: Ku sauke kukan tsuntsayen yankin a manhajar Merlin ta gane tsuntsaye tun kafin ku shiga, sabis ba tabbas. Sai dai ban yarda da kunna wa tsuntsu kukan ɗan uwansa don ya fito ba, musamman lokacin sheƙa, wahalar da shi ake yi.

Cilakowa: Na gode ƙwarai. Madubin hangen nesa fa, 8x42, wato mai ƙara girma sau 8, ya isa?

Baba Mai Sanda: Ya isa, ya fi mai ƙarfin 10 a duhun kurmi. Ka dai tabbata ruwa ba ya shigarsa, in ba haka ba raɓa za ta rufe shi ta ciki.